Yadda Za Ka Kalli Conan the Barbarian Ka Fito da Falsafar da Ke Cikinsa

Mafi yawan waɗanda suka kalli Conan the Barbarian a gidan kallo ko a kaset abu uku suka riƙe: ƙirjin Arnold Schwarzenegger, wanda muka fi sani da Kwamando, da ƙaton macijin da aka sare wa kai, da kan bos yana gangarowa a kan matattakala. Duk suna nan a ciki. Amma tun daga mintunan farko fim ɗin ya ajiye wa mai kallo tambaya, ya kuma ƙi ba shi amsarta da baki har aka tashi: a duniyar nan, da me mutum zai dogara? Mutum biyu ne suka ba da amsa, mahaifin Conan da wanda ya yi sanadin mutuwar mahaifin. Su duka biyun fim ɗin ya ƙaryata su ta hanyar abin da ya faru, kuma babu wanda ya tsaya ya yi maka bayani. Ga yadda za ka bi sawun wannan ƙaryatawa da idonka.

Mataki na 1: San abin da ke gabanka, ka shirya masa

Fim ɗin ya fito a 1982. John Milius ne ya ba da umarni, shi da Oliver Stone suka rubuta labarin, aka ɗauki mafi yawansa a Sifen, a yankunan Almería da Cuenca da Segovia. Tsawonsa awa biyu da kusan minti goma. Shi kansa Conan ya girmi fim ɗin da shekara 50: wani marubuci ɗan Texas, Robert E. Howard, ya fara fito da shi a mujallar Weird Tales a Disambar 1932, ya mutu a 1936 yana ɗan shekara 30. Irin waɗannan labarai su ake kira na takobi da sihiri, kuma jaruminsu ba ya fita don ya ceci duniya. Buƙatar kansa ce ke fitar da shi: yunwa, ko dukiya, ko fansa. Riƙe wannan da kyau, domin shi zai sa ka ji nauyin duk lokacin da wani ya yi wa wani abu don Allah da Annabi a cikin labarin.

Fim ɗin na manya ne. Akwai jini, akwai kuma tsiraici a fitowar kejin bawa, da bukkar mayya, da daren Conan da masoyiyarsa Valeria, da zauren shagalin da ke cikin dutse. Kada ka kunna shi a gaban yara. Kana iya tura waɗannan wurare gaba. Abin da kawai za ka rasa mai amfani yana zauren shagalin, ga shi na faɗa maka: ƙatuwar tukunyar da ake rabon miya daga cikinta sassan jikin mutane ne a ciki, kuma a nan Thulsa Doom, bos ɗin fim ɗin kuma shugaban masu bautar maciji, yake rikiɗa ya zama maciji.

Nemi wanda ba a ɗora wa muryar mai fassara a kai ba. Sai an haura minti ashirin kafin Conan ya furta magana ta farko, kuma a duk wannan tsawon kiɗan Basil Poledouris ne yake ɗauke da labarin. In surutu ya rufe kiɗan, rabin ma'anar ta tafi.

Kallo biyu za ka yi. Na farko ka zauna ka ji daɗinsa kawai, kada ka tsayar da komai. Na biyu kuma ka zo da takarda da biro, ka ja layi a tsakiya daga sama har ƙasa. A dama ka rubuta "Abin da aka faɗa", a hagu ka rubuta "Abin da ya faru". Duk aikin da ya rage cike waɗannan gidaje biyu ne da kwatanta su.

Mataki na 2: Gwada maganar da aka buɗe fim ɗin da ita

Kafin hoto ya fito, ana rubuta maganar masanin falsafar Jamus Friedrich Nietzsche, cewa abin da bai kashe mu ba ƙara mana ƙarfi yake yi. Daga wani littafinsa da ya rubuta a 1888 aka ɗauko ta. Sa ta a gidan dama.

Yanzu dubi na'urar azabar nan, ƙaton niƙau mai hannuwan katako da aka ɗaure yaran ƙauyen su Conan suna turawa a tsakiyar fako. Ƙirga yaran a farkon fitowar, ka sake ƙirgawa a ƙarshenta. Sun taru da yawa, suna ta raguwa, rani ya wuce, ƙanƙara ta sauka, har aka bar mutum ɗaya yana turawa, ya ɗago kai ya zama ƙato. Rubuta a gidan hagu: ɗaya ya yi ƙarfi, sauran babu labarinsu. Maganar ta yi gaskiya a kan wanda ya tsira, sai dai ba ta ce komai ba a kan waɗanda wahalar ta cinye, kuma su suka fi yawa. Wannan ya dame ni ƙwarai, domin ana yawan jefa wa mai shan wuya wannan magana kamar ta'aziyya, alhali hoton da ke gabanka yana nuna cewa wahala ba makaranta ba ce ga kowa.

Akwai wani abu na Nietzsche da zai fi yi maka amfani. A littafinsa na Zarathustra ya ce ruhin mutum yana rikiɗa sau uku. Da farko raƙumi ne, yana durƙusawa a ɗora masa kaya. Daga nan ya zama zaki, ya ce wa ubangidansa a'a. A ƙarshe ya zama yaro, wanda ke iya fara sabon abu da kansa. Yi wa takardarka alama a duk inda ka ga Conan ya sauya. Raƙumin ba shi da wuyar ganewa. Zakin zai zo. Batun yaron kuwa ajiye shi sai mataki na 8.

Mataki na 3: Duk maganar da ta burge ka, tambayi wane ne ya faɗe ta, kuma a wane hali

Fitowar da aka fi yaɗawa daga fim ɗin ita ce wadda wani sarkin yaƙi na gabas yake tambayar abin da ya fi komai daɗi a rayuwa. Wani ya ce buɗaɗɗen fili, da doki mai gudu, da shaho a hannu, da iska tana kaɗa gashi. Aka ce masa bai dace ba. Conan ya ce murƙushe abokan gaba, da ganin ana kora su a gabanka, da jin kukan matansu. Aka yi ta sowa. Asalin maganar ana jingina ta ga Janghis Khan.

Tsayar da fim ɗin a nan ka dubi hoton. Conan yana zaune a kan tebur kamar kayan nuni, iyayengijinsa sun kewaye shi, har yanzu bawa ne da ake sa shi kashe mutane a rami don a ci caca a kansa. Bai taɓa zaɓar abokin gaba da kansa ba. Hadda ce aka ba shi ya kawo. Duba kuma daren da mai shi ya sare sarƙar ya ce masa ya tafi: sai da aka ingiza shi kafin ya motsa, don bai san inda za shi ba. Mutane da yawa sun ɗauki wannan magana a matsayin aƙidar fim ɗin, har ana buga ta a riga. Kai dai sa ta a gidan dama, ka bar gidan hagu a buɗe. Idan ya murƙushe abokin gabansa na gaskiya a ƙarshe, za ka ga ko fuskarsa ta yi kama da ta wanda ya sami abin da ya fi komai daɗi.

Mataki na 4: Bi takobin mahaifinsa daga maƙera har ƙarshe

Nan ne ƙashin bayan labarin, don haka ka yi a hankali.

Fim ɗin ya buɗe da ƙira. An narka ƙarfe an zuba shi a mazubi, an daka, an tsoma a ƙanƙara. Wanda ya taɓa zama a maƙera zai ga cewa wannan zubi ne irin na maƙeran fari. Maƙerin baƙi ba ya zuba takobi, dukansa yake yi da masaba a kan uwar maƙera, ana zuga masa wuta, yana juyawa da awartaki har ya miƙe. Milius kyan hoto ya nema, kuma ya samu. Abin da ya fi muhimmanci shi ne maganar da ta biyo baya. Uban ya zaunar da ɗansa a kan dutse ya ba shi labarin yadda ƙattin farko suka yaudari Crom, gunkin mutanensu, suka sace sirrin ƙarfe, aka hallaka su, aka manta sirrin a filin yaƙi har 'yan Adam suka tsinta. Ya ce masa dole ya warware kacici-kacicin ƙarfe. Ya ce kada ya amince da kowa a duniya, namiji ko mace ko dabba. Ya nuna takobin ya ce wannan kaɗai abin amincewa ne.

Amsa ta farko ke nan. Rubuta ta, sannan ka fara cike gidan hagu.

Ba a jima ba mahara suka afka wa ƙauyen. Takobin bai hana a sari uban da gatari a baya ba, bai hana karnukan yaƙi su yayyaga shi ba. Daga nan aka zare shi aka miƙa wa Thulsa Doom, kuma da wannan takobin ne ya fille kan mahaifiyar Conan, yaron yana riƙe da hannunta. Maimaita wannan fitowar ka kula da abu biyu. Uwar tana riƙe da nata takobin, a shirye take. Doom ya cire ƙwalkwali ya dube ta kawai, hannunta ya sauka. Sannan kamara ba ta bi kan da ya faɗi ba, ta tsaya a kan yaron yana kallon hannunsa da hannun uwarsa ya zame daga ciki. Tun a nan an nuna maka cewa ƙarfe ba ya sanin mai shi, kuma akwai abin da ke sauke takobi ba tare da an taɓa shi ba.

Takobin ya ɓace daga idonka shekaru. Conan ya sami wani a wani tsohon kabari, a hannun ƙwarangwal ɗin da ke zaune bisa kujerar mulki, wato wani mai ƙarfe da ƙarfensa bai hana shi zama ƙashi ba. Na mahaifinsa kuma yana hannun Rexor, babban na hannun daman Doom. A yaƙin tuddan kaburbura suka haɗu, Conan ya kai sara, takobin mahaifinsa ya karye biyu. Abin da aka ce masa shi kaɗai ne ba ya cin amana, ya kashe uwarsa, ya yi wa maƙiyinsa aiki, ya kuma karye.

Mataki na 5: Saurari amsar Thulsa Doom da kunnen basira

Kada ka yi saurin watsar da ita don ta fito daga bakin bos. James Earl Jones ya fito da mutumin a natse, murya ƙasa-ƙasa, kamar uba yana lallashin ɗa. Da aka kamo Conan aka yi masa jina-jina, ya ce masa ka kashe uwata da ubana da mutanena. Doom bai ma tuna ƙauyen ba. Ya ce wataƙila lokacin ƙuruciyarsa ne, sa'ad da yake neman ƙarfe fiye da zinariya. Yanzu, in ji shi, ya gane cewa tsoka ta fi ƙarfe ƙarfi. Ya ɗaga kai ya kira wata yarinya da ke tsaye a can saman dutse, ya ce ta zo gare shi. Ta tako ta faɗo ta mutu. Ya ce wannan shi ne iko, kuma mene ne ƙarfe in aka gwada shi da hannun da ke riƙe da shi?

Ba daga sama aka ɗauko wannan fitowa ba. Marubutan Turai na zamanin yaƙin Salibiyya sun yi ta ba da labarin wani shugaban Hashshashin, ƙungiyar da ta yi suna wajen kashe manyan abokan gabarta, a Sham da ya yi wa mabiyansa nuni suka faɗo daga hasumiya don ya burge baƙonsa, labarin da masana tarihi da yawa suke ɗauka a matsayin almara. Na kusa kuma ba almara ba ne. Ranar 18 ga Nuwamba 1978, a Jonestown da ke ƙasar Guyana, sama da mutum 900 suka mutu bisa umarnin Jim Jones, shugaban ƙungiyar addininsu, mafi yawansu ta hanyar shan guba, kuma Uba suke kiransa. Waɗanda suka shiga silima a 1982 ba su manta da wannan ba.

Doom ya fi uban Conan kusa da gaskiya, domin mai juya mutane ya fi mai juya takobi. Aibin amsarsa yana cikin yadda yake kallon mutanen. A wurinsa su ma kayan aiki ne: yarinyar da ya jefar don misali kawai, da waɗanda suka ƙare a tukunya, da 'yar sarki Osric, wadda ta bar gida ta bi shi, da ya harba wa kibiyar maciji da ya ga ta kuɓuce masa. A gidan hagu ka rubuta abin da dubban mabiyansa suka yi da kansa ya faɗi. Babu wanda ya ɗaga hannu don ɗaukar fansa. Ɗaya bayan ɗaya suka tsoma wutar da ke hannunsu a ruwa suka watse. Wani Bafaranshe na ƙarni na 16, Étienne de La Boétie, ya rubuta cewa azzalumi ba shi da ikon da ya wuce wanda mutane suka miƙa masa da hannunsu, kuma in suka daina miƙawa zai faɗi da kansa. Wannan layin fitilu masu mutuwa shi ne hoton maganarsa.

Mataki na 6: Ƙirga sau nawa aka ceci Conan, ka rubuta sunan wanda ya cece shi

In ka tambayi masu son fim ɗin amsar kacici-kacicin, yawancinsu za su ce ƙudurin zuciya ne, wato abin da ke motsa hannun da ke riƙe da ƙarfen. Suna da hujja. Bayan an warkar da Conan, akwai fitowar da ba a magana a cikinta, yana tsaye yana dunƙule hannu yana buɗewa, ya dubi hannun, ya dubi takobin. Ban musa wannan amsa ba. Ina ganin dai rabi ce, kuma ƙirgen nan zai nuna maka ɗaya rabin.

A hasumiyar maciji da suka shiga sata, kibiyoyin abokinsa Subotai, ɓarawo maharbi, ne suka taimaka aka gama da ƙaton macijin. Da Conan ya bar Valeria tana barci ya tafi dutsen Doom shi kaɗai, bisa koyarwar mahaifinsa, nan da nan aka gane shi, aka kama shi, aka gicciye shi a jikin bishiya, ungulaye suna saukar masa. Ƙudurin zuciyarsa ya kai shi ga cizon wuyan ungulu, bai sauko da shi daga bishiyar ba. Subotai ne ya ɓullo da gudu daga bayan tudun rairayi. Wani boka da ke zaune a tuddan kaburbura ya rubuce masa jiki da zane-zanen tsari, ya kuma gargaɗi Valeria cewa aljanun wurin ba sa yin aiki kyauta. Ta ce ita za ta biya. Da dare suka zo ɗaukarsa, ita da Subotai suka kwanta a kansa suna kokawa da su har gari ya waye. Ta kuwa biya, kibiyar macijin Doom ta same ta. A yaƙin tuddai, lokacin da Rexor ya ɗaga takobi zai gama da shi, ita ce ta bayyana cikin sulke mai walƙiya ta tare saran, kamar yadda ta yi masa alkawari tana da rai. Shi ma Subotai mashin bokan ne ya cece shi, garkuwar Subotai kuma ta tare wa 'yar sarki kibiya.

Dubi takardarka. Yaron da aka ce wa kada ya amince da namiji ko mace, namiji da mace ne suka riƙe masa rai a duk inda ya kusa salwanta. Hausawa sun riga sun faɗa, ƙarfe ɗaya ba ya amo. Abin da ya raba waɗannan ukun da mabiyan Doom kuwa shi ne babu wanda ya dube su da ido ya ɗauke musu hankali. Ɓarayi ne da boka matsoraci, suna da damar tafiyarsu, suka zaɓi tsayawa. Yarinyar saman dutse ta mutu saboda wani, Valeria ma ta mutu saboda wani. Ka zauna ka rubuta da kalmominka abin da ya bambanta mutuwar biyu. In ka iya wannan, ka kama fim ɗin.

Kada ka wuce wurin ƙona gawar Valeria da sauri. Subotai yana kuka, bokan ya tambaye shi dalili, ya ce Conan ba zai yi kuka ba, shi ya sa yake yi a madadinsa. A ganina babu maganar da ta kai wannan nauyi a duk fim ɗin.

Mataki na 7: Dukiya da addu'a

Waɗannan biyun ba za su ɗauke ka lokaci ba. Bayan sun sace jauharin hasumiya, sai ci da sha, har Conan ya kife da fuska a cikin kwanon miya, dakarun sarki suka kama su ba tare da wahala ba. Mai ba da labari ya ce nasara tana gwada mutum kamar yadda babban abokin gaba yake gwada shi. Wanda ya karanta Muƙaddimar Ibn Khaldun, wadda ya rubuta a 1377, zai gane zancen: mutanen daji masu haɗin kai suna cin birni, jin daɗin birni kuma ya cinye su. Howard ma a kan wannan ya gina labaransa, rikicin mutumin daji da wayewar birni. Sai kuma tsohon sarki Osric, wanda Max von Sydow ya fito a matsayinsa, yana cewa akwai lokacin da zinariya ke daina ƙyalli, fada ta zama kurkuku, ba abin da ya rage sai son uba ga ɗansa. Sa wa wannan alama, za ka buƙace shi.

Crom gunki ne na ƙage a labarin ƙage, kuma nazarin yadda aka rubuta shi ba yarda da shi ba ne. Abin lura shi ne irin duniyar da yake wakilta. Conan ya gaya wa Subotai cewa ba ya yawan roƙonsa domin ba ya saurare. Kafin yaƙin tuddai ya roƙe shi karo na farko a fim ɗin, ya ce babu wanda zai tuna ko su mutanen kirki ne ko miyagu, abin da ke da muhimmanci shi ne mutum biyu sun tsaya gaban masu yawa. Duniya ce da babu hisabi a cikinta, babu rahama, jarumta kaɗai ake auna mutum da ita. Mai imani da ranar sakamako zai ga tazarar da ke tsakaninsa da wannan, kuma ganin tazarar riba ce, don tana sa mutum ya san abin da yake riƙe da shi. Lura kuma da cewa ko a cikin wannan addu'ar bai ce mutum ɗaya ba. Biyu ya ce.

Mataki na 8: Kalli fitowar ƙarshe sau uku

Karo na farko ka saurari Doom. Bai zaro makami ba. Ya kira Conan ɗansa, ya tambaye shi wane ne ubansa yanzu in ba shi ba, ya ce shi ne maɓuɓɓugar da ya fito daga cikinta, in babu shi Conan bai taɓa kasancewa ba. Abin tsoron shi ne akwai gaskiya a ciki. Ƙarfin jikinsa da manufar rayuwarsa duk daga wannan mutumin suka samo asali. Mai neman fansa yakan wayi gari ya tarar maƙiyinsa ya zama ginshiƙin rayuwarsa.

Karo na biyu ka dubi idon Conan. Kallon da ya sauke hannun mahaifiyarsa shi ake yi masa, kuma ya fara tasiri, idonsa ya yi rauni. Sai ya kawar da kai, ya dawo hayyacinsa, ya kai sara da guntun takobin mahaifinsa. A nan masu cewa ƙudurin zuciya suke da cikakkiyar gaskiya, don babu wanda zai iya yi masa wannan a'ar. Zakin Nietzsche ke nan.

Karo na uku ka dubi hannuwansa bayan an gama. Ɗaya da kan Doom, ɗaya da karyayyen takobi, wato amsoshin nan biyu. Ya jefar da kan, ya saki takobin. Dubban mutane suna ƙasa sun ɗaga kai suna kallonsa, mutanen da suka saba a gaya musu abin da za su yi. Da ya buɗe baki da ya zama sabon ubansu. Bai ce komai ba. Ya zauna a matattakala shi kaɗai, ya daɗe, sannan ya cinna wa haikalin wuta. Nietzsche ya yi gargaɗi a 1886 cewa mai yaƙar dodanni ya kula kada shi ma ya zama dodo, kuma wannan shirun shi ne kulawar. Yanzu koma mataki na 3 ka cike gurbin da ka bari.

Sai hoton rufewa: Conan ya manyanta, da gemu, a kan gadon sarauta, fuska a murtuke. Ajiye shi kusa da maganar Osric da ƙwarangwal ɗin kabari. Ni ban ga yaron Nietzsche a wannan fuskar ba. Na ga mutumin da ya san abin da ya ƙi, bai kai ga gano abin da zai gina ba.

Mataki na 9: Auna sukar da aka yi masa, sannan ka rubuta naka

Tun fitowarsa wasu masu sharhi suka zarge shi da ɗaukaka ƙarfi irin na 'yan Nazi. Roger Ebert, sanannen mai sharhin fina-finai na Chicago, ya yaba fim ɗin, amma ya ce ganin ƙaton Bature yana fille kan baƙar fata a ƙarshe ya dame shi, har ya tuna masa da Leni Riefenstahl, mai shirya wa Hitler fina-finan farfaganda. Mu da muke baƙaƙe bai kamata mu tsallake wannan ba. Akwai abin da za a faɗa a ɗaya ɓangaren: taron fitilu mai kama da gangamin Nazi na Doom ne, kuma Conan ne ya tarwatsa shi, abokansa biyu mutanen gabas ne, an kuma sa wa James Earl Jones shuɗin ido da miƙaƙƙen gashi don ya zama ɗan wata al'umma da ta shuɗe. Duk da haka hoton yana da nauyi, kuma bayani ba ya goge shi. Haka batun mata. Sandahl Bergman ta sami kyautar Golden Globe saboda Valeria, kuma ta cancanta, amma fitowar baiwar da aka tura cikin keji an wuce ta kamar ba zalunci ba ne. Rubuta duka biyun a takardarka.

Daga nan ka ɗauki sabon shafi ka amsa tambaya ɗaya: mece ce amsar kacici-kacicin ƙarfe a ganinka? Sharaɗin shi ne kowace da'awa ka kafa ta da fitowa daga gidan hagu, kada ka dogara da maganar wani a gidan dama. In kuna da majalisa, ku kalla tare, a raba ku uku: wasu su kare amsar uban, wasu ta Doom, wasu su kawo tasu. Wanda aka ba Doom ya kare shi da gaske, don a nan gardamar take yin daɗi. In kun sami kwafin da aka ƙara wa tsawo, akwai hirar Conan da Subotai kafin yaƙin tuddai, inda yake tuna yadda mahaifinsa yake kai shi daji suna cin 'ya'yan itace, kuma tana da amfani ga mataki na 6. Mai son ƙari ya nemi labarin Howard na 1935, Beyond the Black River, inda rikicin daji da birni ya fi fitowa fili. Kashi na biyu na fim ɗin, Conan the Destroyer na 1984, wani darakta ne ya yi shi, Richard Fleischer, kuma bai ci gaba da wannan tambaya ba, saboda haka ba sai ka zo masa da takarda da biro ba.